Manhajar Kobo da dashbod sun isa su nuna tasirin aikinmu a ƙauyukan Kwami?

Maman Tagwaye: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar masu aikin sa ido da tantancewa nake nema. Ƙungiyarmu ƙarama ce, za mu fara aikin shekara ɗaya a ƙauyuka 12 na ƙaramar hukumar Kwami ta jihar Gombe, da iyaye mata kusan 600. Za mu koya musu haɗa garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa, da awon damtsen yaro da tef mai launi uku, da kai duk wanda awonsa ya faɗa launin ja asibiti. Masu ba da tallafi sun ce ba sa son rahoton "mun horar da mutum kaza". Tasiri suke son gani, kuma a dashbod, wato allon kwamfuta mai nuna alƙaluman aiki a dunƙule. Wayoyi 8 gare mu. Cikin manhajojin tattara bayanai da waya, Kobo za mu ɗauka ko CommCare? Ta ina ake farawa?

Injiniya na Jekadafari: Wa alaikumus salam Hajiya. KoboToolbox ya ishe ku. Kyauta ne ga ƙaramin aiki, kuma KoboCollect, manhajarsa ta waya, yana cika fom ko babu sabis, sai an dawo inda netwok yake a tura. Bambancinsa da CommCare shi ne, a Kobo kowane fom zaman kansa yake, shi kuwa CommCare yana riƙe fayil ɗin kowane yaro a cikin wayar, a buɗe shi wata mai zuwa a ɗora. Amma da aiki ya ɗan girma sai an biya, kuma gina shi ya fi cin lokaci. Mutum 600 ba su kai a sha wannan wahalar ba.

Dakta Mai Lissafi: Injiniya, ka yi saurin kai ta kasuwa. Hajiya, ajiye maganar manhaja tukuna. Wace jimla ɗaya kike so ki iya rubutawa a ƙarshen shekara, ki kuma iya kare ta idan aka titsiye ki? Abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai abin da kuka yi: zaman horo nawa, tef nawa aka raba. Akwai abin da ya sauya a gida: me yaro ya ci jiya. Sai na uku, wanda shi ne tasiri: daga cikin sauyin, nawa ne ba zai faru ba da ba ku je ba. Waya ta iya na farko sosai, tana taimakawa a na biyu, na uku kuwa ba aikin waya ba ne, aikin tsarin bincike ne, kuma kafin a fara aiki ake yanke shi.

Maman Tagwaye: Jimlar ita ce: tamowa ta ragu a ƙauyukanmu.

Sista Mai Awo: Yaya, kada ki ɗaura wa kanki wannan igiyar. Tamowa ba abinci kaɗai ke kawo ta ba. Gudawa, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tsadar hatsi, duk suna ja. A ƙauyuka 12 cikin shekara ɗaya, damina mai yawan zazzaɓi kaɗai za ta iya shafe duk alherin kununku a lissafi, alhali aikin ya yi kyau. Ki ɗauki ma'aunin da ke kusa da hannunku. Na WHO da UNICEF da aka sabunta a 2021 yana nan: yaro ɗan wata 6 zuwa 23, shin jiya ya ci daga rukunin abinci 5 cikin 8? Rukunan su ne nonon uwa; hatsi da su rogo da dankali; wake da gyaɗa da danginsu; madara da kindirmo; nama da kifi; ƙwai; ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A irin su zogale, karas, kabewa da mangwaro; sai sauran kayan lambu da 'ya'yan itace. Kununku yana taɓa rukuni biyu kai tsaye, ga nono na uku, saura biyu ke nan uwa za ta nemo.

Na biyu: cikin yaran da uwa ta auna ta ga ja, nawa suka isa asibiti, kuma cikin kwana nawa. Wannan naku ne, babu mai ƙwace muku shi. Warkewa kuwa na asibitin ne. Su ake aunawa da ma'aunin Sphere na ayyukan agaji: warkewa sama da kashi 75, mutuwa ƙasa da kashi 10, masu daina zuwa ƙasa da kashi 15. Kada ku sa alƙaluman warkewarsu a rahotonku kamar ku kuka yi jinyar.

Ɗan Autan Zaure: Amma Anti, idan aka ɗauki yaran da suka faɗa ja ko rawaya a farko, aka sake auna su bayan wata uku aka ga sun koma kore, ai tasiri ya fito fili ko?

Dakta Mai Lissafi: Ƙanina, wannan shi ne ramin da ya fi cinye rahotanni. Idan ka zaɓi yara saboda awonsu ya yi ƙasa ranar da ka je, wasu a cikinsu gudawa ce ta kwana huɗu ta zuge su, wasu kuma mai awon ne ya matse tef. Ko ba ka ba su komai ba, awo na biyu zai fi na farko a matsakaici. Ƙari a kan haka, damtsen yaro yana girma da shekaru. To ka ga abu biyu suna tura lambar sama ba tare da kununka ba. Shi ya sa ake neman rukunin kwatance.

Ga yadda lissafin yake, da lambobin misali kawai. A ce a ƙauyukanku yara kashi 20 ne ke cin rukuni 5 a awon farko, a na ƙarshe suka kai 34. Za ki ce kin ɗaga da 14. Amma a ce ƙauyukan da ba ku shiga ba sun tashi daga 21 zuwa 29 a daidai wannan lokacin, saboda kaka ta yi ko farashi ya sauka. Nasu 8 ne. Naku na gaskiya 14 a cire 8, wato 6. Ba tare da su ba, da kin ci bashin 8 da ba naki ba.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma ka faɗa mata kuɗin. Kuma ka faɗa mata yadda za ta shiga ƙauye ta auna 'ya'yan mutane sau biyu ta fita ba ta bar musu ko cokalin gari ba. Dagaci zai karɓe ku karo na farko. Karo na biyu matan za su ce maigida ba ya nan.

Dakta Mai Lissafi: Gaskiyarka Baba. Kuɗin ga shi. Don a iya gano tashi daga kashi 20 zuwa 30 da tabbacin da aka saba, ana bukatar yara kusan 290 a kowane ɓangare idan ɗaiɗai aka tsinto su. Amma ƙauye-ƙauye ake ɗauka, kuma mutanen ƙauye ɗaya kasuwarsu ɗaya, rijiyarsu ɗaya, amsarsu tana kama da juna, don haka akan ninka biyu: 580. A ƙara kashi 10 na waɗanda ba za a samu a gida ba, kusan 640. Ɓangare biyu, 1,280. Mutum 8, kowa fom 8 a rana, 64 ke nan, kwana 20. Sau biyu a shekara. Ga alawus, ga man babur. Shawarar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ke bayarwa ita ce a ware kashi 3 zuwa 10 na kasafin aiki don sa ido da tantancewa. Hajiya ta duba ko kashi 10 nata zai ɗauki wannan. Ina zaton ba zai ɗauka ba.

Maganar ƙauyen da za a bari hannu rabbana kuma tana da mafita. Ba sai an hana kowa ba. Ai da ma ba za ku iya fara ƙauyuka 12 rana ɗaya ba. A tara dagatai gaban hakimi, a rubuta sunayen ƙauyuka a takarda, a jefa ƙuri'a: 6 su fara yanzu, 6 bayan wata shida. A auna duka 12 kafin a fara, a sake auna duka 12 a mako guda kafin rukuni na biyu ya shiga. Ƙuri'ar tana da amfani biyu: babu mai cewa an yi son kai, kuma ba ku zaɓi ƙauyukan bakin titi masu sauƙin kai ku bar na lungu su zama abin kwatance ba. Irin wannan tsarin gwaji ne ya sa aka ba Banerjee da Duflo da Kremer kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, sai dai su da ɗaruruwan ƙauyuka da makarantu suke yi. Shida da shida rauni gare shi. Zai nuna alama, ba zai zama hujjar da ba a ja da ita ba, kuma haka za a rubuta a rahoto.

Baba Tsohon Ma'aikaci: To wannan na yarda. Sai dai matan ƙauye na biyu suna zuwa biki da suna a ƙauye na farko. Kafin wata shida sun koyi haɗin garin.

Dakta Mai Lissafi: Za su koya, kuma hakan zai rage bambancin da za a gani, ba zai kumbura shi ba. A sa tambaya ɗaya a fom: kin taɓa jin wannan haɗin, a wurin wa? Idan ƙauyuka biyu suna cin kasuwa ɗaya kuma tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, a haɗa su takarda ɗaya a ƙuri'a.

Sista Mai Awo: Kafin ku wuce, maganar lokaci. Tambayar "me ya ci jiya" tana bin kalanda kamar jela. A yi awon farko a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai shigo ba, a yi na ƙarshe a Nuwamba bayan girbi, kowace ƙungiya za ta fito gwarzuwa. A juya shi, kowa ya faɗi. Lokacin mangwaro, wajen Afrilu da Mayu, rukunin bitamin A yana cika da kansa. Makon Babbar Sallah kowane yaro ya ci nama. Cikin azumi girkin gida yana sauyawa. Washegarin kasuwa ba ɗaya yake da sauran ranaku ba. Don haka a kauce wa azumi da makon sallah, a rarraba ranakun zuwa kowane ƙauye, kuma a sa tambaya: jiya an yi biki ko suna a gidan nan?

Wani abu kuma, yaron da ke wata 20 a awon farko ya fita daga ma'aunin kafin na biyu. Kada a ce za a bi yaran farko kaɗai. Kowane zagaye a ɗauki duk 'yan wata 6 zuwa 23 da ke ƙauyen a lokacin.

Malam na Tudun Wada: Kuma wanda ya koyar kada ya zama shi ne mai tambaya. Uwar da aka zaunar aka karanta mata rukuni takwas, ta ga malamar da ta koya mata ta dawo da waya da rigar ƙungiya, amsar jarrabawa za ta bayar. Ba ƙarya take nufi ba, kara ce. A ɗauko masu tambaya daga wata gunduma, mata, ba riga mai tambari. Kada a karanta mata jerin abinci tana cewa e ko a'a. A ce: da ya farka jiya me ya fara shiga bakinsa? Bayan nan fa? Idan ta ce tuwo, a tambayi miyar, a tambayi abin da aka sa a miyar. Mai tambaya ne zai rarraba cikin rukuni. Daddawa da ɗan garin kifin da aka barbaɗa don ɗanɗano ba a ƙirga su, a yanke wannan hukuncin tun a horo kowa ya bi abu ɗaya.

Harshe ma haka. A yankin akwai gidajen da Fulfulde ko Bolanci ya fi sauƙi ga uwa. Fassarar tana cikin fom, a rubuce, ba a bar kowa ya fassara da ka a ƙofar gida ba.

Injiniya na Jekadafari: To tunda malamai sun gama da ni, bari in dawo inda na iya. Hajiya, a gina fom ɗin a Excel da tsarin XLSForm, ya fi maginin cikin shafin Kobo sauƙin gyara. Shafi uku ne: survey, choices, settings. Kowane harshe da ginshiƙinsa na label, mai tambaya ya sauya harshe a waya ba tare da amsoshin sun canza ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar shaida. Kada a dogara da suna. A'isha, Aisha, Aishatu, Indo, duk mace ɗaya ce, kuma a ƙauye ɗaya za a samu Fatima Muhammad biyar. A ba kowace uwa kati mai lamba irin KW-03-027, wato ƙauye na 3, uwa ta 27, a buga lambar da QR, a lulluɓe katin da leda. A fom a sa tambaya nau'in barcode, kyamara ta karanta. Rubuta lamba da yatsa shi ke haifar da fom marar uwa. Bayan rajista a fitar da jerin a fayil ɗin CSV a liƙa shi a fom na biyu, da pulldata wayar za ta nuna sunan mai katin, mai tambaya ya tabbatar ita ce a gabansa kafin ya ci gaba. Yaro kuma lambar uwarsa da ƙarin harafi.

Awon damtse a milimita, lamba cikakkiya. Idan aka bar shi a buɗe wani zai rubuta 11.5, wani 115, wani 12, a rasa na kamawa. A ginshiƙin constraint a hana duk abin da ya gaza 70 ko ya wuce 220. Ƙasa da 115 ja ne, 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. A sa relevant ta yadda da an shigar da ƙasa da 115, ko an ce akwai kumburin ƙafa biyu, saƙo zai fito cewa a tura yaron asibiti yau, a kuma buɗe tambayar lambar takardar turawa.

Gargaɗi biyu. Da an fara tattara bayanai kada a canza abin da ke ginshiƙin name, ko da harafi ɗaya ne, don amsoshin za su rabu gida biyu a fitarwa. Kuma kada a buɗe CSV da danna sau biyu a Excel: sifilin farkon lambar waya zai ɓace, 03/04 zai iya juyewa daga 3 ga Afrilu zuwa 4 ga Maris, su ƙ da ɗ da ɓ su koma tarkace. A shigo da shi ta hanyar Data a zaɓi UTF-8, ko a sauke XLS kai tsaye.

Sista Mai Awo: Injiniya, waya za ta hana 11.5, amma ba za ta hana matse tef ba. Hannun hagu, a lanƙwasa gwiwar hannu a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar, a sa alama, a saki hannun ya miƙe, sannan a zagaya tef ya kwanta a fata ba matsi ba sako-sako. Kumburi kuma a danna bayan ƙafa biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, idan rami ya zauna a duka biyun shi ne. Kafin a fita fili a yi gwajin da SMART, tsarin binciken tamowa, ya tanada: yara 10, kowane mai awo ya auna su sau biyu ba tare da ganin awonsa na farko ba, a kwatanta da na mai horarwa. Wanda hannunsa ke yawo a sake masa horo ko a ba shi aikin tambaya kawai. Bayan kwana uku a fili a duba lambar ƙarshe ta awon kowa. Idan rabin nasa suna ƙarewa da 0 ko 5, kintace yake yi.

Shekaru ma haka. Mafi yawa babu takardar haihuwa. A fara neman katin rigakafi. Idan babu, a yi kalandar gari tare da dattawa: azumin bara, Sallar Layya, Mauludi, shukar farko, girbin gero, ranar da aka naɗa wane. Uwa ba ta manta ko da ciki ta yi azumi ko da goyo.

Ɗan Autan Zaure: Masu cika fom da ka a gindin darbejiya ba tare da sun shiga gida ba fa? Ai GPS ya gama da su.

Malam na Tudun Wada: Ya rage su, bai gama da su ba. A sa start da end, masu rubuta lokacin fara fom da gama shi, da audit a fom. Audit ya fi amfani, don yana nuna daƙiƙa nawa aka yi a kan kowace tambaya. Tambayar abincin jiya da aka gama cikin daƙiƙa 20 ba a yi ta ba. End shi kaɗai yana ruɗi, saboda wanda ya ajiye fom ya kammala shi da yamma zai nuna awa shida. GPS kuma a tsaya a tsakar gida a jira ya sauko mita 10 ko ƙasa, a cikin ɗaki mai rufin kwano zai yi ta yawo. Fom 8 a ɗigo ɗaya abin tambaya ne, amma a tambaya kafin a yi hukunci, wani gidan gandu ne mai sassa da yawa.

Abin da ke kama ƙarya da gaske shi ne komawa. Mai duba aiki ya zaɓi kashi 10 na gidajen da ƙuri'a, ya koma cikin kwana biyu da tambaya biyar da amsarsu ba ta canzawa: an zo gidan nan, wa aka yi wa tambaya, yara nawa, an auna hannun yaro, wane launi. A sanar da masu tambaya tun ranar farko cewa za a yi haka. Kuma kada a biya su bisa yawan fom. Wanda aka ce masa kowane fom naira kaza, an riga an gaya masa abin da ake so.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Duk na ji. Ni dai a bar rajistar takarda a hannun jagorar mata ta kowane ƙauye. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, wani yaro ya goge manhaja don ya samu wurin bidiyo. Kuma bayanan da suka tafi intanet, matan da aka tambaya ba sa sake ganinsu. Littafi yana nan a ƙauye, dagaci zai iya buɗawa.

Injiniya na Jekadafari: Baba, littafin awon wata-wata na iyaye mata, e, ya zauna a takarda, mai duba aiki ya kwafe jimla zuwa waya sau ɗaya a wata. Amma binciken farko da na ƙarshe a waya. Takarda 1,000 sai an sake shigar da su kwamfuta, kuma nan kuskure ke shiga. Maganar gogewa, KoboCollect yana da kalmar sirrin mai kula, a kulle saituna da goge fom. A kunna turawa da kanta. Kowace tawaga da power bank mai 20,000 mAh, a rage hasken fuska, a sa wayar a airplane mode sai lokacin turawa, don neman sabis a inda babu shi ne ke shanye batir. A riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Ƙa'ida: babu wayar da za ta kwana biyu da fom a cikinta ba a tura ba. Hoto kuma, idan dole ne, a sa max-pixels=1024, in ba haka ba hoto ɗaya zai fi fom ɗari nauyi, ya cinye ma'ajin kyauta.

Barista: Hoton ma me za a yi da shi? Hajiya, ki sani akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma ƙungiyoyin agaji ba su tsira daga gare ta ba. Bayanin lafiya yana cikin masu tsauri. Na yaro sai da izinin iyaye ko mai riƙonsa. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 ake da su a sanar da hukumar. A aikace: tambayar farko a fom ita ce neman izini, a karanta shi da harshen uwar, a faɗa mata ƙin amsawa ba zai hana ta shiga shirin ba, idan ta ce a'a fom ya rufe. Kada ku karɓi NIN ko BVN, ba kuɗi kuke rabawa ba, katinku ya wadatar. Sunaye da lambar waya da GPS na gida su zauna a fayil ɗaya mai kulle a hannun mutum biyu. Abin da za a yi lissafi da shi, ko a tura wa masu tallafi, lambar kati kawai. Kowane mai tambaya da asusunsa mai izinin turawa kaɗai, ba a raba kalmar sirrin babban asusu a WhatsApp ba. Tunda kuma za a yi ƙuri'a da awon yara don bincike, a kai tsarin gaban kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha kafin a fara. A al'adance kuma a nemi yardar maigida, amma yardarsa ba ta maye gurbin tata.

Maman Tagwaye: Allah ya saka da alheri. Kaina ya ɗau zafi amma na gane. Saura dashbod ɗin da suka nace a kai.

Malam na Tudun Wada: Ki ba su, ba shi da wuya. Looker Studio kyauta ne a kan Google Sheets, Power BI ma yana jan bayanai daga Kobo. Amma ki san me zai hau. Abin da ke motsi kowane wata shi ne na dashbod: iyaye nawa suka auna 'ya'yansu, ja nawa, nawa aka tura, nawa suka isa. Kowace lamba da abin da aka raba ta da shi a gefenta. "An tura yara 40" ba magana ba ce sai an ce cikin nawa. Ma'aunin abinci kuwa sau biyu za a auna shi, wurinsa rahoto. Idan kika sa shi a allo mai kibiya kore za a riƙa tambayarki kowane wata me ya sa bai motsa ba.

Lambar "nawa suka isa" ba za ta fito daga wayarku ba. Takardar turawa mai gida biyu za ku buga, da lambar katin uwa a kowane gida, ɗaya ya zauna wurin jagora, ɗaya uwa ta miƙa a asibiti. Ƙarshen wata a je a tattaro a haɗa. Ku zauna da mai kula da asibitin da jami'in abinci mai gina jiki na ƙaramar hukuma tun yanzu. Su rahotonsu na wata yana hawa DHIS2, manhajar bayanan lafiya ta gwamnati, a dunƙule, babu sunan ƙauye balle na yaro, don haka ba za ki iya ciro naku daga can ba.

Sista Mai Awo: A ƙara gurbi ɗaya a takardar: ta isa, amma akwai abincin jinya ranar ko babu? Idan uwa ta biya kuɗin babur ta je aka ce RUTF, wato abincin jinyar, ya ƙare, ba za ta koma ba, maƙwabciyarta ma ba za ta je ba. Lambarku za ta faɗi a wata na gaba, ku ɗauka iyaye ne suka yi sanyi.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Kuma duk wata uku a koma ƙauye a karanta musu sakamakon da baki. A nan za ki ji dalilin da babu shi a fom: waken soya ya yi tsada, injin niƙa ya lalace, ko maigida da manyan yara ne ke shanye kunun.

Dakta Mai Lissafi: Wannan na ƙarshen a mayar da shi tambaya, Baba: wa da wa suka sha daga kunun jiya? Hajiya, abin da za ki rubuta wa masu tallafi tun yanzu, kafin a sa hannu: za mu auna bambancin cin abinci tsakanin ƙauyuka 6 da 6 da aka raba da ƙuri'a, za mu ƙirga duk yaran da suka cancanta maimakon samfur tunda ba su da yawa, kuma girman aikin ba zai iya tabbatar da raguwar tamowa ba. Idan suna son wannan, su ƙara ƙauyuka da kuɗin bincike. Iyaye 600 ɗin nan, nawa ne ke da yaro ɗan wata 6 zuwa 23 a yanzu? Daga wannan lambar za a san kwana nawa binciken zai ci.

Maman Tagwaye: Ba mu ware ba, duk mai yaro ƙasa da shekara biyar muka rubuta. Zan sa jagorori su bi littafin su fitar kafin Juma'a.

Injiniya na Jekadafari: Su rubuto da watan haihuwa, ba "shekara ɗaya da rabi" ba. Idan jerin ya zo ki turo min yawan kowane ƙauye kawai, ban da sunaye, in tsara lambobin katin. Ki kuma duba min sigar Android da ke kan wayoyin nan takwas, tsofaffin ba sa karɓar sabon KoboCollect.